Aikin Hannu a Makarantun Firamare na Ƙasar Gaya

Duk wanda ya tsaya ya duba jadawalin darussan da ake liƙawa a bangon aji a makarantun firamare na Jamhuriyar Nijar, tun daga CI inda yaro ke fara zama a benci har zuwa CM2 inda yake cika shekararsa ta shida a makaranta, zai tarar bayan an ba karatu da rubutu da lissafi rabonsu, akwai wani ɗan gurbi da aka keɓe wa aikin hannu, wanda malamai suka daɗe suna kira APP, watau ayyukan da yaro zai yi da hannunsa har su haifar da abin amfani. Hukuma ta shigar da wannan darasi cikin manhaja tun wajen ƙarshen shekarun 1980, kuma da wuya ka sami malami ko mahaifi wanda zai fito fili ya ce ba shi da fa'ida. Amma duk da haka, in lokaci ya ƙure shi ake fara yankewa, in kuwa bai ƙure ba sai a mai da shi sharar fili da ɗiban ruwa. Mas'alar da ke gabanmu ita ce mu san dalilin da ya sa abin da kowa ya yarda da shi a baki ya kasa tsayawa a aikace, mu kuma bincika ko mene ne ainihin maƙasudinsa, domin a ganina rashin fayyace maƙasudin shi ne tushen illar.

Na zaɓi in auna zancen da ƙasar Gaya ne saboda a nan hujjar rashin kayan aiki ba ta da wurin tsayawa. Gaya tana can ƙarshen kudancin jihar Dosso, a bakin kogin Isa, gada ce kawai tsakaninta da Malanvil ta Jamhuriyar Benin, Kamba ta Nijeriya kuwa tafiyar ɗan lokaci ce; kuma babu wani yanki a Nijar da ya fi ta samun ruwan sama, don yakan kai kimanin milimita 800 a shekara. Allah ya hore mata dazuzzukan giginya a Dallol Mawri da gefen kogi, da rake da rogo da shinkafa a fadamun Bengu da Bana da Tanda da Tunuga, da yumɓu, da gamba, da gishirin Foga wanda sunansa ya daɗe da kaiwa nesa. Dandawa da Zabarmawa da Hausawa da Kyangawa da Fulani da ke zaune a cikinta, kowannensu yana da abin da hannunsa ya iya, daga saƙar taru da sassaƙar jirgi har zuwa tufkar igiya da gyaran ƙwarya. Motoci suna ɗaukar azara da muruci da tabarmi su kai Dosso da Yamai, amma ajin da ke gindin itacen ba ya ƙaruwa da komai daga gare shi, har ya zama abin nan da Hausawa ke cewa inuwar giginya, na nesa ka sha.

Kafin mu je ga hukuma da tarihinta, ya kamata mu fara kallon yaron kansa, domin shi ne shaida mafi ƙarfi a wannan shari'a. Da zarar an gama yankan gero da dawa, kara ya zube a gonaki, za ka ga yara 'yan shekara bakwai zuwa goma sun yi da'ira a inuwar katanga, kowa da guntun reza, suna harhaɗa mota. Yaro zai zaɓi karan da ya bushe sosai bai ruɓe ba, ya ɓare ɓawonsa sili-sili ya ajiye gefe, domin su ne ƙusoshinsa, ya bar totuwa fara sol, ya yanka ta gunduwa-gunduwa yana gwada wannan da wancan don kada wata ta fi wata tsawo. Sa'an nan ya soke su da silin nan ya ɗaura firam, ya fafe taya daga sakaina ko daga tsohon silifa, ya huda tsakiyarta. In hudar ta kauce daga tsakiya motar za ta riƙa ɗingishi, abokansa su yi masa dariya, ya cire ya sake; in gefe ɗaya ya fi tsawo za ta karkace, ba sai wani ya gaya masa ba. Kuma ba kowace mota yake kwaikwayo ba, manyan motocin dakon kaya da ya saba gani jere a bakin duwan su yake nufi, ya ƙirga tayoyinsu tsaf, bai manta da madubi da tsani ba. Wannan yaro, ba tare da ya san sunansu ba, ya riga ya yi mu'amala da daidaiton tsawo, da tsakiyar da'ira, da ƙanƙanta babban abu bisa gwargwado, ya kuma yi haƙurin yini guda a kan aiki ɗaya, alhali shi ne za a rubuta wa a takardar sakamako cewa ba ya mai da hankali.

Washegari da safe yaron nan zai shiga aji, abin da za a fara umartarsa da shi kuwa shi ne ya rungume hannuwansa a ƙirji ya yi shiru. Ba na zargin malamin da ya yi haka, don wanda aka tara wa yara masu yawa a ɗaki ɗaya, ba littafi isasshe, dole ya nemi hanyar da zai ji muryar kansa. Amma hakikanin abin da ke faruwa shi ne an ɗaure gaɓar da yaro ya fi sanin duniya da ita, aka bar masa kunne kaɗai, kunnen ma da harshen da ba a yi da shi a gidansu.

Malamanmu na da ba su raina sana'a ba, kuma ba su raba ta da ilimi yadda muke yi yanzu ba. Sananne ne ga kowane almajiri cewa Annabi Nuhu ya sassaƙa jirgi, Annabi Dawuda ya ƙera sulke, Annabi Zakariyya kuma masassaƙi ne, tsira da amincin Allah su tabbata a gare su. Imam Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, ya lissafa tushen sana'o'i irin su noma da saƙa da ɗinki cikin farillan kifaya a littafinsa Ihya'u Ulumiddin, ma'ana in gari ya wayi babu mai iya su, laifin ya hau kan jama'a duka. Ibn Khaldun kuwa, a Muƙaddimarsa da ya rubuta a 1377, ya fi kowa zurfafa bincike, don ya nuna cewa sana'a malaka ce da ke kafuwa a jikin mutum ta hanyar maimaitawa a gaban malami, kuma abin da aka koya da gani da taɓawa ya fi zama daram bisa abin da aka koya da labari. Har ya ƙara da cewa sana'a tana ƙara wa mai ita hankali. Makarantar allo ma, wadda wasu ke ɗauka hadda ce zalla, tana da nata aikin hannun: almajiri shi ke fiƙe alƙalaminsa na gamba, ya tsaga bakinsa daidai yadda zai riƙe tawada ba tare da ya ɗiga ba, shi ke niƙa gawayi ya haɗa da ƙaro ya dama ya zuba a kurtu, in ƙaro ya yi yawa tawada ta yi danƙo, in ya yi kaɗan ta goge daga allo, ranar sauka kuma zayyanar da ake yi wa allonsa aiki ne na awo da launi wanda ba kowane mai sartifika zai iya ba.

Turawa da wasu al'ummu sun iso ga wannan fahimta ta tasu hanyar. Ƙasar Finlan ta sanya aikin hannu cikin dokar makarantunta tun 1866, Mariya Montesori ta buɗe gidan yaranta a birnin Rum a 1907 inda yaro ke koyon ƙirga da harafi ta hanyar taɓa abubuwa. A Indiya Gandhi ya fito da tsarin Warda a 1937 wanda ya ɗora karatun yaro bisa kaɗin auduga, Nyerere kuma ya shelanta ilimin dogaro da kai a Tanzaniya a 1967, kowace makaranta da gonarta. In aka lura da kyau za a ga mazhaba biyu ce a nan, ko da yake sun yi kama a ido. Ta farko tana cewa a ba yaro aikin hannu domin hankalinsa ya buɗe, ko zai zama likita ko alƙali. Ta biyu tana cewa a ba shi domin ya sami abin yi a ƙauyensu, makaranta kuma ta ɗauki wani ɓangare na nauyin kanta. Mu a ƙasashenmu mazhaba ta biyu ce ta fara iso mana, kuma ta iso ne a hannun mai mulki, abin da ya bar tabon da har yau bai warke ba.

A Arewacin Nijeriya Hans Bisha, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya haɗa sashen koyon sana'a da makarantar da ya kafa a Nasarawa ta Kano a 1909. A ɓangaren Faransa kuwa, Jul Birebiye, wanda ya yi gwamnan Nijar daga 1922 zuwa 1929, a zamaninsa ne aka mai da babban birni daga Damagaram zuwa Yamai, da ya zama gwamna janar na Afirka ta Yamma a 1930 sai ya ƙarfafa abin da aka kira makarantar karkara, inda yara ke kwashe wani kaso mai yawa na yininsu a gonar makaranta, da kiwo da 'yan sana'o'i. A takarda niyyar tana da kyawun ji, wai kada lakwal, watau makarantar boko, ta raba yaro da ƙasarsa. Amma iyaye sun ga abin da idonsu: an karɓe musu ɗa da ƙarfin sarki a lokacin da suke bukatarsa a gona, aka kai shi yana noma gonar wani, a zamanin da aikin tilas yake kan kowa, domin ba a soke shi ba sai a 1946, 'ya'yan da aka zaɓa kuwa aka tura su gaba suka zama akawu da tafinta. Saboda haka da aka yi taron Barazabil a 1944 aka buɗe ƙofar gyara, abin da 'yan bokon Afirka suka nema shi ne a ba su karatu iri ɗaya da na Faransa, a raba su da fartanya. Wanda bai san wannan tarihi ba zai yi mamakin dattijon da ke cewa, "Mushe, ni na kawo maka yaron nan ya koyi biro ne, in noma ne ai ina da gona." Dattijon nan yana maimaita hukuncin da kakanninsa suka yanke ne, kuma a zamaninsu suna da gaskiya.

Bayan samun mulkin kai an yi ta ƙoƙarin sulhunta lakwal da gida. A 1973 aka fara makarantun gwaji masu koyarwa da harsunan ƙasa, farawa da Hausa a Damagaram. Daga baya APP ta shiga manhaja da sassanta na lambu da kiwo, da sana'o'in hannu, da ayyukan gida, da al'adu. Dokar tsarin ilimi ta ranar 1 ga Yuni 1998 ta jaddada haɗa ilimi da rayuwar jama'a. A 2004 kuma wani shiri na haɗin gwiwa da ƙasar Japan, mai suna Makaranta Don Kowa, ya fara a jihar Tawa yana ƙarfafa kwamitocin iyaye da malamai masu kula da makaranta, APP na cikin abubuwan da ya yi ƙoƙarin farfaɗowa. Ba za a ce hukuma ta yi barci ba. Sai dai kowane yunƙuri ya riƙa tuntuɓe da duwatsu iri ɗaya.

Babbansu shi ne jarrabawa. Malami ya san da shifta da lissafi za a auna ɗalibansa a ƙarshen shekara, da su kuma sufeto zai auna shi, babu wanda zai tambaye shi igiya nawa aka tufka. To wane mai hankali ne zai bar abin da ake tuhumarsa a kai ya kama abin da ba a tambaya? Bayan wannan akwai halin malamin kansa, wanda galibi saurayi ne ɗan kwantaragi, ko budurwa, da ya fito daga irin wannan makaranta mai rungume hannu, ya yi horonsa a gurguje ko bai yi ba sam, aka turo shi ƙauyen da wataƙila ko harshensu ba ya ji. Ba ya iya saƙa faifai, yana kuma jin kunyar yaran da suka fi shi iyawa su gane. Daga nan ne ɓarna mafi muni ke shigowa, watau a kira bauta da sunan darasi: a tura yara neman itace, 'yan mata su yi wa gidan darakta shara da wanke-wanke, a ce an yi APP. Tsabtace makaranta wajibi ne, kuma tarbiyya ce, amma wanda ya share fili sau ɗari bai ƙaru da sanin komai ba bayan na farko. A ƙetaren iyaka ma, a makarantun Nijeriya, an san yadda darasin ya lalace har ya koma yaro ya sayo tsintsiya a kasuwa, ko ya kawo kuɗi, a ba shi maki.

Akwai kuma wata mas'ala da ba a son faɗa a taro, ita ce ta asali. A ƙasashen nan namu akwai sana'o'in da ake ɗauka na gado ne, kamar ƙira da jima da dukanci da saƙa, har wani gida yana ganin ƙasƙanci ne ɗansu ya taɓa su, wani gidan kuma yana ganin sirrinsu ne da bai kamata a baza a gaban kowa ba. Shari'a ba ta san wannan bambanci ba, amma malamin da ya zo baƙo ya yi gaba da gaba da shi zai rasa iyaye tun kafin ya sami yara. Hikima ita ce a fara da ayyukan da kowa ya yi tarayya a cikinsu, irin su lambu da tufka da awo da ginin yumɓu na wasa, a kuma bayyana wa jama'a tun farko cewa ba ana nufin a canja wa kowa gadon gidansu ba ne.

Wannan ya kawo mu ga hukuncin da nake ganin shi ne daidai. Makarantar firamare ba wurin yaye masu sana'a ba ce, don awa ɗaya ko biyu a mako ba za ta fitar da maƙeri ko maɗinki ba, kuma masu sana'ar gari sun fi ta iya wannan nesa ba kusa ba. Ba kuma kamfani ba ce da za a ɗora wa yara 'yan shekara takwas nauyin sayen alli. Abin da aikin hannu zai yi mata, wanda babu abin da zai maye gurbinsa, shi ne ya ba kalmomin da ke kan allo jiki. Ɗauki misalin kewaye da faɗin fili, waɗanda yaran CM ke haddace ƙa'idarsu su kuma rikita su ranar jarrabawa. Malami ya fitar da su bayan aji, ya ba kowace ƙungiya igiyar da su da kansu suka tufka, suka ƙulla mata ƙulli a kowace mita, ya ce su shata fangali mai tsawon mita 5 da faɗin mita 1. Kusurwa za ta karkace musu, sai ya nuna musu dabarar magina: a ɗauki igiya mai mita 12, a ja ta kusurwa uku, gefe ɗaya 3, ɗaya 4, ɗaya 5, nan take kusurwa ta miƙe cak, yara su yi ta mamaki. Sa'an nan ya tambaye su igiya nawa za ta zagaye fangalin, su auna su sami mita 12. Ya ce to in za a dasa salati, tsakanin kowane tushe da ɗan'uwansa santimita 25, tushe nawa za a nema a wurin mai reno? Za su tsuguna su jera tsakuwa, layi 4, kowane layi 20, su tashi da 80. Yaron da ya yi wannan da gwiwarsa a ƙasa ya san abin da ke zagaye fili daban, abin da ke cika shi daban, kuma ko dala ba a kashe ba. In salatin ya yi aka sayar, alhamdu lillahi, a rubuta kuɗin a littafi a gaban yara ya zama wani darasin lissafin. In kuma akuya ta cinye, ilimin bai tafi da ita ba.

Haka nan yadda matan Foga ke kankaro ƙasa mai gishiri su zuba a kwando, su kwarara mata ruwa, su tari abin da ya tsiyaye su dafa har ya ƙafe ya bar gishiri, shi ne darasin narkewa da tacewa da ƙafewa wanda littafin kimiyya ke zana wa yara da kwalaben da ba su taɓa gani ba. Gwangwani biyu da tsumma da zafin rana sun isa a maimaita shi a farfajiyar makaranta. Saƙar mafici da karin giginya, ɗaya a sama biyu a ƙasa, jerin lissafi ne wanda in ka kuskure sau ɗaya zanen zai tona maka asiri. Ƙananan CI kuwa, waɗanda yatsunsu ba su riƙe alli da kyau ba tukuna, a ba su yumɓu su mulmula haruffa da lambobi su shanya, a ba su ƙwallayen giginya da guntayen kara su ɗaure goma-goma. Ban hana takarda mai launi da almakashi da gam ga makarantar da ke da halin saye ba, sai dai abin dariya ne a ce ba za a yi darasi ba sai an kawo su daga Yamai, don yaron ƙasar Gaya ya yanke hoton itacen da bai taɓa gani ba.

Shekarar karatu ma ta dace da wannan, in an lura. Ana komawa makaranta a Oktoba, daidai lokacin da kara ya wadata. Sanyin hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu shi ne lokacin lambu, ruwa kuwa a fadamun dallol ba shi da zurfi. In bazara ta kama, zafi ya hana fita, sai a koma inuwa a yi tufka da saƙa da ɗinki. Gonar damina ce ba ta dace da lakwal ba, don ana hutu ne sa'ad da take bukatar noma, abin da ke sa a ƙarshe ta zama gonar wani. Sai dai a yi hattara da abu biyu, wuƙa da wuta. Reza ba ta ƙananan aji ba ce, manya ma a ba su ƙungiya-ƙungiya a karɓe a ƙirga. Wuta kuwa, duk wanda ya tuna gobarar azuzuwan zana a Yamai cikin Afrilu 2021, wadda ta ci yara kimanin 20, da ta Maraɗi cikin Nuwamba na wannan shekara wadda ta ci fiye da haka, Allah ya jiƙansu, ba zai yarda a kunna ko ashana kusa da rumfar karatu ba.

Malamin da bai iya ba fa? Maganinsa yana cikin gari. Babu ƙauyen da ba shi da tsoho mai tufka ko tsohuwa mai saƙar faifai, babu unguwar bakin kogi da ba ta da mai gyaran taru. Kwamitin makaranta ya je ya gaishe su da ladabi, ya roƙe su awa ɗaya a mako, ya kuma san abin da zai ba su na goro. Ranar da aka shimfiɗa wa irin wannan dattijo tabarma a gaban aji, malami ya ce, "Baba, ga 'ya'yanka nan, nuna mana," ya kuma zauna cikin yara ya karɓi nasa karin yana koyo, darajarsa ba za ta ragu ba, don aikinsa na nan yana jiransa: shi ne zai ɗauki abin da aka yi da Dandanci ko Zabarmanci ko Hausa ya mai da shi awo da lissafi, ya sa yara su faɗi matakan aikin da bakinsu, sa'an nan su rubuta jimla biyar da Faransanci a kan abin da suka yi. Yaron da ya rasa abin rubutawa a kan dusar ƙanƙara ba zai rasa abin faɗa a kan igiyar da ta kumbura masa tafin hannu ba. A gayyato ma'aikatan gandun daji su ma, domin giginya itace ce mai jinkirin girma wadda doka ta kare, su koya wa yara wane kari ake yanka wane ake bari, kowane aji kuma ya binne ƙwallaye a gefen fili.

Ban yarda kuma a raba aikin a ce allura da tsintsiya na 'yan mata, mita da guduma na maza ba. Yarinyar da ke talla ta fi yawancin 'yan ajinsu saurin lissafin canji, har da na sefa da naira a garin iyaka irin wannan. A ba ta mita ta auna fangali. Namiji kuma ya koyi ɗinke maɓallin rigarsa, tun da manyan teloli da masu aikin surfani a ƙasar Hausa maza ne.

Saura jarrabawa, wadda in ba a taɓa ta ba duk abin da muka faɗa zai tsaya a takarda. Ba sai an jira Yamai ta sake doka ba: sufetocin firamare na Gaya da masu ba malamai shawara suna da ikon su ce a kowane zangon karatu a ba yaro maki a kan abu ɗaya da ya yi a cikin makaranta, a gaban malaminsa, ba wanda ya kawo daga gida ba, rabin makin na kyawun aikin, rabi na bayanin da ya yi a kansa da baki ko a rubuce, in sun zo rangadi kuma su nemi a nuna musu fangali da igiya kamar yadda suke neman a nuna musu littafin shirin darasi. Makarantar horon malamai ta Dosso ita ma kada ta sallami ɗalibi sai ya yi irin waɗannan ayyuka da hannunsa. Ku kuma iyaye da 'yan kwamiti, in kun ji an ce yau ranar APP ce, ku tambayi ɗanku da yamma abin da ya yi da abin da ya auna. In ya ce shara ce kawai mako bayan mako, ku je ku sami darakta ku yi magana.